Maigida ya rantse ba zai ƙara cin abinci a waje ba in jirgin ruwa ya tsaya

Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Muna zaune a Ingila ni da maigida, bara muka shiga irin jirgin ruwan nan na shaƙatawa da ke zaga garuruwan Bahar Rum na kwana 7. Ranar da muka sauka Barsalona yunwa ta kama mu muka zauna a wani gidan abinci a babban titin nan da kowa ke bi, aka kawo mana shinkafar paella kamar daga firiza aka ɗumamo ta, aka caje mu kusan yuro 90, abin da ya fi ciwo sai da muka cinye wasu 'yan dunƙule-dunƙule soyayyu sannan muka gane akwai naman alade a ciki. Tun daga ranar Abban yara ya rantse shi da cin abinci a waje har abada, wai ai mun riga mun biya na cikin jirgi. Bana za mu koma, har da Hajiyarsa da ta zo mana ziyara, tana da suga ga ciwon gwiwa. Za mu tsaya Marsey, Jenowa, Civitavecchia, Palermo, sai Barsalona. Ni kuma gaskiya abincin garuruwan na cikin abin da ke kai ni, ba na son in je in kalli gini kawai in dawo layin bufe. Ya zan gane gidan abinci na kirki wanda babu haram a ciki, kuma ya zan shawo kansa ba tare da rigima ba?"

Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya da jiki.

Bari in fara da maigidan naki, don gaskiya ni ban ga laifinsa ba. Mutum ya kai iyalinsa waje, ya zaro kuɗi masu yawa ya biya, sannan ya gano abin da ya tsana a duniya shi ya shiga cikinsa da na matarsa, ai dole abin ya tsaya masa a rai. Ba rowa ba ce, ɓacin rai ne da jin cewa shi ya kasa kare ku, kuma yanzu ga mahaifiyarsa a tafiyar, kinga tsoron ya ninku. Abin da kuka ci bisa rashin sani Allah ba zai kama ku da shi ba, wannan ki faɗa masa a hankali in bai riga ya saki ransa ba. In kuma rantsuwar da sunan Allah ya yi ta to akwai maganar kaffara in zai warware, wannan ya tambayi malami, ba abu ne mai wuya ba.

Kar ki tunkare shi da "mu riƙa ci a waje". Ki rage buƙatar. Karin kumallo a jirgi, abincin dare a jirgi, kuɗin da ya biya bai tafi a banza ba, ke abincin rana kawai kike roƙo, shi ma ba a kowace tasha ba, biyu ko uku cikin biyar. Sannan ki zo masa da sunan waje, da unguwar da yake, da abin da za ku ci da kimanin kuɗinsa tun kafin ku bar gida. Wallahi abin da ya cuce ku bara ba Barsalona ba ce, yunwa ce ta zaɓa muku wajen zama, kuma duk wanda ya bari sai da cikinsa ya fara kuka sannan ya fara neman gidan abinci a garin da bai sani ba to na farkon da ya yi masa murmushi shi zai samu kuɗinsa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata shi ma ya sani, cikin jirgin ba wai tudun mun tsira ba ne. Kicin ɗin jirgi suna dafa alade kullum, suna zuba giya a miya da kayan zaƙi, kuma a layin bufe cokalin da wani ya ɗebi wancan da shi yakan dawo cikin wannan. So ko a cikin jirgin ma sai kun yi tambaya, kuma ku rubuta wa kamfanin tun makonni kafin tafiya ku sanar da su ba kwa cin alade da giya, ga kuma mai suga a cikinku, ranar farko kuma ku nemi shugaban ɗakin cin abinci ku maimaita masa baki da baki. Tunda tambayar nan ba makawa ce ciki da waje, ai gara a yi ta a inda za a ci abu mai daɗi.

To yanzu ya ake gane waje. Gidajen abincin da ke bakin tasha da kan manyan titunan 'yan yawon buɗe ido sun san abu ɗaya, ke baƙuwar rana ɗaya ce, ƙarfe shida jirginki ya tashi ba za ki dawo ki yi ƙorafi ba, to me zai sa su wahalar da kansu. Wanda ke cikin unguwa kuwa ma'aikatan ofis da 'yan kasuwar wajen yake ciyarwa, in ya ɓata yau gobe ba mai zuwa. Shi ya sa in kika ga mutum a ƙofa yana ɗaga miki menu yana kiranki ki wuce. In kika ga allo mai hotunan abinci da yare shida da tutocin ƙasashe ki wuce. In waje ɗaya yana sayar da paella da pizza da boga da taliya duk a takarda ɗaya, wannan firiza ce ke musu girki. Ki shiga lungu ki yi tafiyar minti goma daga babban titi, ki nemi inda menun gajere ne, wani lokacin ma da alli aka rubuta a allo da yaren garin, ki leƙa ki ga su waye a zaune, in tsofaffin garin ne da masu kayan aiki a jikinsu toh kin iso. A Google Maps kuma kar yawan taurari ya ruɗe ki, ki buɗe sharhin baya-bayan nan ki duba da wane yare aka rubuta su, in duk Turanci ne baƙi irinki ne suka rubuta, in Italiyanci ko Faransanci ya fi yawa ya fi kwanciyar hankali. Ki sauke taswirar kowane gari a wayarki tun kina gida ki sa alama a waje biyu, na farko da na ko-ta-kwana, saboda intanet ɗin jirgi tsada gare shi kuma da yawa gidajen abinci na rufewa ranar Lahadi ko Litinin, a watan Agusta ma wasu a Italiya kulle shagon suke su tafi hutu gaba ɗaya.

Maganar halal kuma, inda mutanenmu ke kuskure shi ne su ce "ba na cin nama" su ɗauka an gama. A Sifaniya jamón, wato busasshen naman cinyar alade, kamar kayan ƙamshi suka ɗauke shi, za ki ce babu nama a kawo miki ganye an barbaɗa shi a kai kuma mai kawowar bai ga ya yi laifi ba. Dunƙulen da kuka ci croquetas ne, kuma mafi yawansu da jamón ake yi. A Italiya kuma matsalar ba naman da ido ke gani ba ne, kitsen alade ne da suke kira strutto, yana shiga burodi da kayan fulawa da suya. Kuma kar ki dogara da alamomin da ke ƙasan menu, dokar Tarayyar Turai abubuwa 14 masu tayar da alaji ta wajabta a bayyana, su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi da sauransu, alade ba ya cikin lissafin. Dole sai da baki. Ki samu 'yar takarda ki rubuta da manyan baƙi ki riƙa miƙa wa weta ya kai kicin. Na Sifaniya: sin cerdo, sin jamón, sin manteca, sin vino. Na Faransa: sans porc, sans lardons, sans vin. Na Italiya: senza maiale, senza strutto, senza vino. A menun Italiya kuma duk inda kika ga prosciutto, pancetta, guanciale, speck, salame ko mortadella, sunaye ne daban-daban na abu ɗaya, wato naman alade. In weta ya amsa miki da sauri ba tare da ya shiga ya tambayi mai girki ba, ni dai ba na yarda, in ce masa dan Allah ya je ya tambayo.

Sauƙin da Allah ya yi mana shi ne duk garuruwan nan na bakin teku ne, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai abincin teku halal ne, kifi, jatan lande, ƙaguwa duka. Gasasshen kifi da man zaitun da lemun tsami ba ya buƙatar wata doguwar tambaya sai ta giya. Ina faɗar haka ne don na ga 'yan'uwa da yawa tsoro ya sa kowace tasha shagon kebab suke nema, su zaga ƙasa uku su dawo ba abin da suka ɗanɗana sai shawarmar da ke akwai a layinsu.

Marsey ta Faransa ita zan ce ki fara da ita, don a nan ne zuciyar maigida za ta kwanta. Manyan jirage suna tsayawa ne can arewa da gari, wajen kilomita 8 daga tsohuwar tashar da ake kira Vieux-Port, ba tafiyar ƙafa ba ce musamman da Hajiya, ku shiga motar da jirgi ya tanada ko tasi. Daga Vieux-Port ku hau titin Canebière kaɗan ku karya dama, kun shiga Noailles. 'Yar'uwa ranar da na fara shiga unguwar nan tsayawa na yi cak, ƙamshin kayan yaji da na'ana'a da gasasshiyar kaza, mahauta da tambarin halal a gilashi, 'yan Aljeriya da Tunisiya da Komoro da Senegal, ga dabino tuli-tuli, ga kuɓewa da busasshen kifi a shagunan 'yan Afirka, wata tsohuwa da lulluɓi tana ciniki kamar a Kasuwar Rimi. Ku zauna ku ci kuskus da naman rago da romon kayan lambu, Hajiya za ta ga ɗan'uwan dambu ne ba baƙon abu ba, sai dai a rage mata kuskus ɗin a ƙara mata nama da ganye saboda sugan. A Faransa abincin rana daga 12 zuwa 2 ne, bayan nan kicin da yawa sun rufe sai dare, ki nemi plat du jour wato girkin ranar ya fi araha kuma sabo ne, ruwan famfo a tulu kyauta ne in kika ce carafe d'eau, kuɗin hidima kuma yana cikin farashi. Miyar kifin nan tasu mai suna bouillabaisse, ta gaskiyar takan haura yuro 50 kan mutum ɗaya, duk wanda ya tare ki a bakin ruwa da ta yuro 20 ba ita ba ce, kuma wasu masu girkin suna zuba giya a romon, so in ba kin tambaya kin gamsu ba ki haƙura da ita.

Jenowa ta Italiya tashar a cikin gari take, wannan alheri ne ga mai ciwon gwiwa, sai dai lungunan tsohon garin matsattsu ne da duwatsu a ƙasa, a sa wa Hajiya takalmi mai taushi. Abincin da garin ya shahara da shi kusan duk babu nama. Akwai farinata, garin waken da Larabawa ke yin humus da shi ne ake damawa da ruwa da man zaitun da gishiri a gasa a faffaɗan faranti na tagulla a murhun itace, ta fito da zafinta gefen ya yi ƙamas-ƙamas a yanka miki a takarda ki barbaɗa masoro. Akwai taliya da pesto, miyar ɗanyen ganye mai kama da ɗoɗɗoya da tafarnuwa da cuku. A ƙarƙashin rumfunan Sottoripa da ke kallon tsohuwar tasha akwai masu suyar ƙananan kifi suna zubawa a ƙunshin takarda, wannan na cikin 'yan wuraren da kusa da ruwa ne amma 'yan gari na ci. Burodinsu focaccia ne kawai za ki yi wa tambayar strutto don wasu gidajen burodin suna sawa.

Civitavecchia kuma a nan nake son ki saurare ni da kyau. A takardar tafiya za su rubuta Rum, babban birnin Italiya, amma Rum tana da nisan kusan kilomita 80, jirgin ƙasa awa ɗaya da wani abu zuwa Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, kafin nan ma sai kun shiga motar cikin tasha ta fito da ku sannan ku nemi tashar jirgin ƙasan. Zuwa da dawowa ya cinye muku awa uku zuwa huɗu. In Hajiya na son ganin Rum ku biya yawon da jirgin ya shirya, ya fi tsada amma in motarsu ta makara jirgi zai jira, in ku kuka tafi da kanku kuka makara ba mai jiranku. Ranar nan ba ranar neman gidan abinci na musamman ba ce. In kun shiga Rum ɗin, sanannun taliyarsu uku, carbonara da amatriciana da gricia, duk da kumatun alade ake yi, cacio e pepe ce ta cuku da masoro kawai, kuma unguwar Esquilino kusa da Termini akwai gidajen abincin halal na 'yan Bangaladash da Larabawa. In kuma gwiwa ta ce a'a, ku yi zamanku a Civitavecchia ku ci kifi a bakin ruwa ku koma da wuri.

Amma kifin nan akwai tarko. A Italiya ɗanyen kifi da za a gasa miki sau da yawa da nauyi ake sayarwa, za ki ga an rubuta farashi sannan a gefe da ƙananan baƙi all'etto, ma'ana kowane giram 100. Ni ya taɓa faruwa da ni, na ga 7 na ɗauka kuɗin faranti ne, aka kawo kifi ya cika tire muka ci muka yi hamdala, bil ya zo yuro 63 na kifin kaɗai don giram 900 ne. Ba su yi mini ƙarya ba a rubuce yake, amma tun daga ranar sai an auna a gabana an faɗa mini jimla kafin ya hau wuta. Haka kuma za ki ga coperto a bil, yuro biyu ko uku kan kowane kai, kuɗin zama da burodi ne, al'adarsu ce ba cuta ba, ki faɗa wa maigida tun kafin ya gani ransa ya ɓaci.

Palermo ki je kasuwar Ballarò da safe, masu kaya suna ta kwarara kira da waƙa, Larabawa sun mulki tsibirin nan na Sisili shekaru aru-aru da suka wuce kuma har yau ana jin su a girkin. Panelle soyayyen garin waken nan ne, Hajiya za ta ce ƙosai ne aka baje, akwai taliya da sadin da zabibi, akwai pasta alla Norma ta yalo da tumatir. Abu biyu ki kiyaye, burodin saifa da ake kira pani ca meusa a kitsen alade ake soya naman, sai cannoli, kayan zaƙin nan da kowa ke ɗauka a hoto, a gargajiyance ɓawonsa da strutto da giyar Marsala ake kwaɓawa. Tiramisù ma, wani kayan zaƙin nasu, a tambaya. Masu suya a titi kuma ki duba ko mai ɗaya suke jefa komai a ciki.

Barsalona ni da za ki bi ta tawa ku koma ku rama, amma a ƙarshe, bayan ya ga Marsey da Jenowa sun tafi lafiya. Titin da kuka zauna La Rambla ne na tabbata. Kina tahowa daga gunkin Kolumbus ta hannun hagu unguwar El Raval ce, cike da gidajen abincin 'yan Pakistan da Maroko na halal, ki riƙe jakarki da kyau dai don wajen akwai masu yankan aljihu. In paellar ce har yanzu a ranki ku nufi Barceloneta, unguwar bakin teku, ku nemi de marisco ta kayan teku zalla, ba mixta mai haɗin nama ba, ki tambayi da wane romo aka dafa, kuma ta gaskiya sai an ce miki ta mutum biyu ce zuwa sama kuma za ku jira kamar rabin awa, wadda ta iso cikin minti goma irin ta bara ce. Matsalar Sifaniya ga Hajiya ita ce lokaci, su sai wajen ɗaya da rabi zuwa biyu suke fara abincin rana, mai suga kuma ba a wasa da lokacin cin abincinta, so maganinta da ruwa da ɗan abin taɓawa su kasance a jakarki ke ba a ɗakin jirgi ba, kuma ta ga likita kafin tafiyar ya tsara mata yadda za ta yi.

Lokacin komawa kuwa daga baya ake lissafo shi. A ƙofar fita daga jirgi akwai allo da ke nuna ƙarfe nawa kowa zai kasance a ciki, yawanci rabin awa kafin tashi, ki ɗauke shi a hoto, ki ɗauki lambar wakilin jirgin na wannan tashar da ke cikin takardar da ake ajiye muku a ɗaki kullum. In an ce biyar da rabi, ku da kuke tare da dattijuwa ku sa a ranku huɗu ne. Turawan nan ba sa kawo bil sai an nema, za su bar ku ku yi ta zama, so kina karɓar abincin ƙarshe ki nemi bil ɗin. Sallah kuma ku matafiya ne akwai sauƙin ƙasaru da haɗawa, a Noailles da Raval in kika tambayi mai shagon zai nuna muku masallacin kusa.

Wajen Marsey ɗin ki bar shi shi ya zaɓa cikin biyun da kika tanada, ki miƙa masa 'yar takardar ya ba weta da hannunsa, farantin farko kuma a ajiye gaban Hajiya.